Isma'ila Direba da Tikitin Kachollom

Isma'ila Hamdan ya shekara ashirin da shida yana tuƙa jar bas mai hawa biyu a kudancin London. Hanyarsa ta fi bi ta Old Kent Road, har ya san shagon da ake sauke wa doya ranar Alhamis a tare masa hanya, ya san cocin da ke cikin tsohon sito wanda mutanensa ke fitowa ranar Lahadi da fararen kaya su cika masa mota. A Bukuru aka haife shi, kusa da Jos, mahaifinsa direban babbar mota ne a kamfanin kuza. Ya zo Ingila karatu yana saurayi, karatun bai yiwu ba, sai tuƙin ya yiwu. Shi da matarsa Asama'u suna zaune a wani flat na council, gidan hayar hukuma, hawa na uku, inda suka raini 'ya'ya uku har kowa ya kama gabansa.

Mutum ne mai tsoron makara. Idan za a fara aiki ƙarfe shida, biyar da rabi a gareji take yi masa. Ba ya son wani ya tuƙa shi, in ya shiga motar mutane ƙafarsa ta dama tana ta taka burkin da babu shi. Hutu kuwa, a wurinsa hutu shi ne zuwa gida, a yi gaisuwa, a yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu bayan rabuwa, a dawo a gajiye.

Abokinsa na ƙut-da-ƙut shi ne Dachung, bakanike a garejinsu, Birom ne kuma Kirista. Sun haɗu ne wata safiya da motar Isma'ila ta ƙi tashi, ya tsaya a gefenta yana mita da Hausa shi kaɗai. Sai ya ji murya daga ƙarƙashin motar ta ce, “Mallam, ka yi haƙuri da ita, ba ta karya ba tukuna.” Da mai muryar ya fito, baƙin mai har goshi, suka tarar ashe layi biyu ne tsakanin gidajen iyayensu a Bukuru. Tun daga ranar Isma'ila ke kiransa Injiniya, shi kuma yana ce masa Direba. Shekarun da ake rikici a Jos, tare suke zama a kantin gareji, kowa da waya a kunne yana neman nasa, in ɗaya ya samu layi ya tambayi labarin 'yan uwan ɗayan.

Matar Dachung, Kachollom, nas ce. Da ita da mijinta suka yi ritaya shekara guda, ta ce ita kam ta gaji da sanyin Janairu, za su shiga irin jirgin ruwan nan na yawon hutu su bi rana zuwa tsibiran Canary. Ta yi booking tun da wuri, mako biyu, an biya komai tun daga gida, ci da sha da kwana. Ta sayi ƙaramin littafi ta riƙa rubuta inda za su je a kowane tsibiri. A watan Satumba ta faɗi a kicin, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Aka kai ta gida aka binne a ƙauyensu kusa da Riyom.

Dachung ya dawo London ya zama wani mutum daban. Mai surutun nan da ba a raba shi da tsokana ya koma amsa ɗaya ɗaya. Wata Asabar a watan Disamba Isma'ila ya je duba shi a Croydon, ya same shi zaune da takardun jirgin a kan tebur.

“Na kira su zan yi cancel,” in ji Dachung. “Sai na kasa. Sun ce za a iya canja suna. Direba, ka zo mu tafi.”

Isma'ila ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Ni? A kan ruwa? Injiniya, ni ko tafkin kuza na Bukuru ban taɓa sa ƙafa ba.”

“Ba iyo za ka yi ba. Zama za ka yi a kawo maka abinci.”

Ya ce zai yi shawara, da niyyar ya nemo uzuri. Amma kafin ya kai tashar tram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, sai Kaneng, 'yar Dachung tilo, ta biyo shi da gudu ba ko rigar sanyi. A London aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta ce masa babanta ya rarraba kayan aikinsa duka, har akwatin sifanonin da ba ya bari kowa ya taɓa. Ya tattara takardun gida ya nuna mata inda ya ajiye. Maganin ciwon sugansa ma sai ta tsaya a kansa yake sha. Sau biyu ta ji ya ce da ma shi aka ɗauka. Ita ba za ta samu hutu a wurin aiki ba, ga jariri.

“Uncle, don Allah,” ta ce da 'yar Hausarta, sauran kuma da Turanci. “Idan ka ƙi, shi kaɗai zai tafi. Ɗakin yana da baranda a kan ruwa. Kada ka gaya masa na yi maka magana.”

A daren da ya gaya wa Asama'u, ba ta yi dogon bayani ba. “Alhaji, ai babu zancen shawara. Ka nemi hutu gobe.” Ita ta haɗa masa kaya. Ta sa kilishi da yaji da garin kwaki daga shagon Old Kent Road, duk da ya gaya mata an ce abinci ba iyaka. Ta ce ba iyakar ba ce damuwarta, wa ya yanka shi ne.

Ranar tafiya suka hau doguwar mota daga Victoria zuwa Southampton, ana yayyafi. Da Isma'ila ya ga jirgin sai da ya ja da baya. Ya fi ginin da yake zaune a ciki tsayi sau nawa, fari fat, tagogi jere kamar unguwa guda aka ɗora a kan ruwa. Aka ba kowa kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma ake nunawa a ƙofa in za a fita ko a shiga. Ɗakinsu gadaje biyu ne ƙanana, da ƙofar gilashi mai buɗewa zuwa baranda. Abu na farko da Isma'ila ya yi shi ne ya fita ya gwada tsayin ƙarfen barandar da jikinsa. Ya kawo masa ƙirji. Ya leƙa ƙasa, kansa ya juya, ya dawo ciki ya zaɓi gadon da ke kusa da ƙofar gilashin.

“Ashe kai ne mai son kallon ruwa,” in ji Dachung.

“Iska nake so.”

Kwana biyun farko teku bai yi musu da daɗi ba. Jirgin yana tangaɗi, kofuna suna zamewa a kan tebur, an rataye jakunkunan amai a kowane lungu. Isma'ila ya sha ƙwayar jiri, bai ga amfaninta ba. Sallah ta zame masa aiki: ya duba alƙibla a waya, kafin ya idar kibiyar ta karkata. Ya kira wani malami a masallacinsu, malamin ya ce ya fuskanci inda ya fi rinjaye a zatonsa ya yi, Allah ya san yana kan ruwa. A wurin cin abinci kuwa, teburan sun kai tsawon bas biyu, nama kala-kala, shi dai kifi da shinkafa da ƙwai, ya zaro ƙullin yaji daga aljihu ya barbaɗa. Turawan da ke kusa da su, yawanci tsofaffi, suna ta murna da komai. Da rana ta fito a kwana na uku suka tuɓe suka jeru a bakin wurin wanka kamar an shanya su.

Isma'ila bai iya shanya kansa ba. Idonsa na kan Dachung. In Dachung ya tashi, shi ma ya tashi. In ya ce zai zaga saman jirgi, Isma'ila ya ce shi ma ƙafarsa ta yi tsami. Idan Dachung ya tsaya ya dafa ƙarfe yana kallon farar kumfar da jirgi ke bari a baya, Isma'ila sai ya matso har kafaɗarsu ta haɗu, ya kama zancen da ba shi da kai, zancen injin jirgi, zancen wane irin mai yake sha. Kowace safiya yana lura ko an sha magani, sannan ya shiga banɗaki ya rubuta wa Kaneng saƙo. Wanka ma a gurguje yake yi, ƙofa a ɗan buɗe.

Abin da ke ƙara ɗaga masa hankali shi ne littafin Kachollom. Kullum da safe Dachung zai buɗe shi ya karanta abin da ta rubuta da ƙarfi, kamar mai karanta jadawalin aiki. A Madeira ta rubuta su hau motar da ke tafiya a kan igiya zuwa lambun da ke kan dutse. Suka hau, Isma'ila ya runtse ido tun daga ƙasa har sama. Ta rubuta su ci ayabar wurin, suka ci. Duk abin da aka yi, Dachung ya zaro biro ya ja layi a kansa, ba murmushi, ba magana. Isma'ila ya riƙa kallon shafukan suna raguwa, yana tambayar kansa abin da mutumin nan yake nufin yi in sun ƙare.

Ranar da suka iso Tenerife gari ya waye tas, rana mai daɗi, duwatsu a bayan birnin. Suna zaune a wurin karin kumallo, Dachung ya sha ƙwayarsa ke nan, ya karanta shafin ranar: akwai wani tsohon gari a kan tudu, La Laguna, tram ake hawa. Kachollom ta rubuta an ce sanyinsa kamar na Jos, su zauna a dandalin da ke da manyan bishiyoyi su sha shayi. Isma'ila ya tashi ɗebo burodi, ya bar wayarsa a kan tebur. Da ya dawo ya tarar wayar tana hannun Dachung, fuskarta a haske. Saƙon Kaneng ne ya shigo, yana tambaya ko ya sha magani, kuma don Allah kada a bar shi shi kaɗai a baranda.

Dachung ya ajiye wayar a hankali.

“Ashe gadi aka ɗauke ka.”

“Injiniya, tsaya ka ji.”

“Ni na ɗauka abokina na gayyato. Kwana shida kana bina kamar ɗan sanda, har bakin banɗaki. Na ce ko tsoron ruwa ne ya sa kake manne mini, har ina tausayinka.”

“Yarinyar nan hankalinta ne a tashe. Ni ma haka.”

“To ku kwantar da shi. Yau ni kaɗai zan fita. In ka biyo ni, wallahi Isma'ila, mun rabu ke nan.”

Bai taɓa kiransa da sunansa haka ba. Ya ɗauki littafin da hularsa ya fita, farantinsa ko taɓawa bai yi ba.

Isma'ila ya bi shi da ido har ya ɓace. Ya hau saman jirgi, ya hango shi can ƙasa yana tafiya a bakin tashar, shi kaɗai cikin ayarin masu gajeren wando. Ya ce a ransa, ƙasa ce dai, ba ruwa ba, babba ne, zai dawo. Ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun shan rana, karon farko tun da suka taso. Wani ma'aikaci ya kawo masa lemo mai sanyi. Bai kai rabi ba ya tashi.

An rubuta a takardar ranar cewa kowa ya kasance cikin jirgi ƙarfe huɗu da rabi, za a tashi ƙarfe biyar. Ya yi azahar, ya je ƙofar shiga ya tambaya, aka duba na'ura aka ce Dachung bai dawo ba. Ƙarfe biyu ya kira wayarsa. Yana tsaye a cikin ɗakinsu sai ya ji tana ƙara a ƙarƙashin matashin kai. A gefen gadon ga 'yar jakar da Dachung ke zuba na'urar gwada suga da alewar da yake tsotsa in jikinsa ya fara rawa. Nan Isma'ila ya tuna farantin da ba a taɓa ba. An sha magani, ciki babu komai.

Ya zauna a bakin gado. In ya fita, mai yiwuwa su yi saɓani, Dachung ya dawo shi kuma jirgi ya bar shi a ƙasar da ba ya jin yarenta. In ya zauna, kuma mutumin yana can kwance a wani lungu fa? Ya kira Asama'u.

“Alhaji, me kake jira?” ta ce. “Ɗauki fasfo ɗinku duka biyu. Ka sa rigar sanyi.”

Ya kwashi fasfo biyu, da wayar Dachung, da jakar maganin, da ledar kilishi. A ƙofa ya yi wa wata ma'aikaciya bayani. Ta saurare shi da kyau, ta ce ta gane, amma jirgi ba ya jiran kowa. Ta nuna masa lambar wakilinsu na tashar a ƙasan takardar ranar, ta ce in wani abu ya faru shi zai kira, kuma idan abokin nasa ya riga shi dawowa za su sanar da shi.

Daga jirgi zuwa tashar tram tafiya ce mai ɗan nisa, ya yi ta da sauri har gumi ya jiƙa masa riga. Injin sayar da tikiti ya ƙi masa, sai da wata tsohuwa ta danna masa. Tram ɗin ya yi kama da na Croydon, sai dai wannan hawa yake yi, yana tsayawa a kowace tasha ba ya gaggawa. Isma'ila yana tsaye kusa da ƙofa yana duba agogo, yana kuma leƙa duk tram ɗin da ya wuce su yana gangarawa, ko zai hango hular Dachung. Uku da minti arba'in ya sauka a tasha ta ƙarshe. Da gaske akwai sanyi, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa.

Bai san sunan dandalin ba. Ya tsayar da mutane yana cewa da Turanci wuri mai manyan bishiyoyi, yana nuna tsayi da hannu. Wani ya nuna masa hagu, wata ta nuna dama. Dandali na farko coci ne da tattabaru, babu Dachung. Ya leƙa cikin cocin ma, ya bi kujeru da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya fito ya bi wani dogon layi mai shaguna, yana leƙa kowane gidan shayi. Da ya ji jiniyar motar asibiti daga nesa sai ya ƙara sauri. Yana ta maimaita hasbunallahu a ransa. Wani ɗan Senegal mai sayar da tabarau a gefen hanya, magidanci da furfura a gemu, shi ya gane abin da yake nema. Ya ce ya ga wani dattijo baƙi da hula, tun kafin azahar ya bi can, ya nuna ƙarshen layin.

Huɗu da minti goma ya same shi. Yana zaune a kan benci ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, littafin a kan cinya, kansa a sunkuye. Isma'ila ya kira shi, ya ɗago a hankali. Fuskarsa ta yi fari-fari, gumi a goshi duk da sanyin, hannuwansa suna karkarwa.

“Direba,” ya ce, harshensa da nauyi. “Na ce kada ka biyo ni.”

“Na ji. Buɗe baki.”

Ya ɓare alewa biyu ya tura masa, ya ruga gidan shayin da ke tsallake ya karɓo ruwan lemo, ya riƙe masa kofin har ya shanye. Ya soki yatsarsa da na'urar kamar yadda ya sha ganin ana yi. Sugan ya yi ƙasa sosai. Matar gidan shayin ta biyo shi da burodi da cuku, tana ta magana da yarensu, tana nuna waya ko a kira asibiti. Dachung ya girgiza kai. Suka ce a ɗan jira a sake gwadawa.

Isma'ila ya duba agogo. Huɗu da minti ashirin. Ga tasi nan jere a bakin dandalin. In ya ɗaga shi yanzu ya cusa a mota, in hanya ta yi kyau, in an ɗan yi musu alfarma a ƙofa, wataƙila. Ya dubi Dachung, wanda ko kofi bai gama iya riƙewa ba. Ya zaro takardar ranar ya kira wakilin, ya ce mutum biyu ba za su samo jirgi ba, ɗaya ba shi da lafiya amma yana farfaɗowa, fasfo suna hannunsu. Wakilin ya ce jirgin zai kwana a hanya ya tsaya Las Palmas gobe, a tsibiri na gaba, akwai ƙaramin jirgin fito da safe da zai kai su. Isma'ila ya kashe wayar ya zauna a kan bencin.

Da aka sake gwadawa sugan ya hau. Dachung ya ci burodin, ya ci kilishi.

“Na san lokaci,” ya ce daga baya. “Ina jin agogon cocin can yana bugawa. Na zo na sami wurin, na sayi shayi biyu, na manta ni kaɗai ne. Da matar ta ajiye kofi biyu a gabana sai na kasa sha. Na dawo nan na zauna. Ina cewa yanzu zan tashi, yanzu zan tashi.”

“Injiniya, zan tambaye ka, ka gaya mini gaskiya don girman Allah. Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?”

Dachung ya dubi tattabarun da ke ƙasa.

“Ban shirya komai ba. Amma akwai safiyar da in na farka nakan ji haushin farkawar. Wannan gaskiya ne. Ruwan nan da kake tsoro, ban taɓa tunaninsa ba. Kachollom za ta kashe ni in na je mata ta wannan hanya.”

Dariya ta kuɓuce wa Isma'ila, hawaye na biye da ita. Ya share da bakin hannun riga.

“To kayan aikin da ka rabar fa?”

“Me zan gyara? Shekara talatin da huɗu in na dawo gida akwai wanda zan ba labarin motar da ta ba ni wahala. Yanzu fa?”

“Ni ba mutum ba ne?”

“Kai ɓata mota ka iya.”

Suka gangaro da tram wajen ƙarfe shida. A wata kwana teku ya bayyana, suka hango jirginsu can ya yi nisa, fari, ƙarami. Kayansu duka suna ciki, har carbin Isma'ila. Wakilin ya sama musu ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tashar. Isma'ila ya miƙa wa Dachung wayarsa ya ce shi ya gama aikin ɗan aike, ya kira 'yarsa da kansa. Ya fita ya ba su wuri. Da ya dawo bayan rabin awa suna kan magana.

Jirgin fiton safe ya fi babban tangaɗi nesa ba kusa ba. Isma'ila ya yi amai sau uku, Dachung ne ke riƙe masa jaka yana ce masa sannu Direba, saura kaɗan. A Las Palmas ma'aikaciyar ƙofa ta gane su, ta yi musu barka, ta ce likitan jirgi yana son ganin Dachung kafin komai. Likitan ya duba shi, ya ja masa kunne a kan shan magani ba ci.

Sauran kwanakin Isma'ila bai daina damuwa ba, ba halinsa ba ne. Amma sun yi yarjejeniya: Dachung zai riƙa yawo da wayarsa da alewarsa, zai ci abinci kafin ya fita, shi kuma Isma'ila zai bar shi ya zaga saman jirgi shi kaɗai. Yakan zauna a inuwa da kofin shayi yana ƙirga mintuna har ya ga hular ta ɓullo ta ɗaya gefen. A Lanzarote suka shiga motar yawo cikin baƙaƙen duwatsu, Dachung ya ce wani dutse ya yi kama da na hanyar Riyom, Isma'ila ya ce ko kusa, suka yi ta musu har aka dawo. Rannan ne Isma'ila ya yi barcin rana a kujera har hancinsa ya ƙone.

Sun sauka Southampton ana ruwa. Kaneng ta zo ɗaukarsu da mota, jaririn a baya. Ta rungume babanta ta daɗe ba ta sake shi ba. A hanya, a gaban Dachung, Isma'ila ya gaya mata abin da aka faɗa a kan bencin, don sun riga sun yarda ba za a ƙara yin magana a bayan ido ba. Ya ce abin ya fi ƙarfin sa ido, a nemi likita. Dachung bai musa ba, ya ce dai ba ya son a kai shi inda za a zauna a da'ira ana kuka.

An ba shi ranar ganin GP, likitar unguwarsu, wata Talata da safe. Isma'ila ya yi musayar aiki da wani direba ya raka shi, ya zauna a ɗakin jira yana karanta takardun da ke manne a bango. Dachung ya yi kusan minti ashirin a ciki. Ya fito da takarda a hannu, an haɗa shi da wata mai ba da shawara, za su fara mako mai zuwa.

“Me ta ce?” in ji Isma'ila.

“Ta ce in riƙa fita kullum, ko ba inda za ni.”

“To ni ƙarfe biyu zan karɓi mota.”

Dachung ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Suka tsaya a wani shago suka ci shinkafa, sannan suka kama hanyar gareji. Da Isma'ila ya fito da bas ɗin, Dachung ya shiga ya hau sama, ya zauna a kujerar gaba. A tasha ta uku ya sauko ya leƙo wurin direba ya ce burkin baya yana ƙara, a rubuta a kai wa yaran gareji kafin ya ci taya.